Anti, an kira ni intabiyu a asibiti kuma ban san Turancin likitoci ba

Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Shekarata 24, a Kano nake, nayi difloma a OTM wato karatun sakatariya, bayan na gama nayi shekara biyu ina taifin a wani shagon kwamfuta a unguwarmu. Na kai takarduna wani asibitin kuɗi, shine shekaranjiya suka kirani wai inzo intabiyu ranar Alhamis mai zuwa, aikin sakatariyar likita. Anti tunda suka kira bana iya bacci, ban taɓa aiki a asibiti ba, bansan Turancin likitoci ba, kuma in na tsorata ko ɗan Turancin da na iya guduwa yake. Ƙawata tace kawai ince na taɓa aiki a wani ƙaramin asibiti a garinsu, wai ba wanda zai bincika. Babanmu ya rasu kuma ni ce babba, ina buƙatar aikin nan sosai. Ya zanyi?

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan mahaifinku ya kai haske kabarinsa, ke kuma Allah ya dafa miki a kan nauyin ƙannen nan da ya hau kanki tun da sauran ƙuruciyarki.

Bari in fara da maganar ƙawarki don ita ta fi tsaya min a rai. Kar ki yi. Nasan da zuciya ɗaya ta faɗa miki, so take ki samu, amma shawara ce da zata kai ki ta baro. Wai ba wanda zai bincika, ai basu ma buƙatar ɗaga waya su kira kowa, a teburin da zaki zauna gabansa da wuya a rasa shugabar nas-nas ko mai kula da ɗakin kati, mutumin da gashinsa ya yi fari a wannan aikin, tambaya ɗaya zai jefo miki yana murmushi, "to a can ya kuke jera fayil, da lamba ko da suna?" ko yace "wa ke sa hannu a rahoton likita kafin a miƙa wa mai shi?" nan take zaki ji bakinki ya bushe. Kuma likitocin garin nan da yawansu sun san juna, ko aji ɗaya suka yi ko sun haɗu a Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala lokacin da suke sanin makamar aiki, kina ambaton sunan asibiti wani zai ce "ah, wajen wane kenan, ya yake?" Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma mutum za a ɗauka don a damƙa masa sirrin jama'a, in aka kama ki da ƙarya tun a bakin ƙofa magana ta ƙare ko da kin fi kowa saurin hannu.

Kuma wai me kike rainawa a shekara biyun nan da kika yi a shago? Ki zauna ki tuna abin da ya bi ta hannunki. Takardun cinikin fili da gida, wasiƙun neman aiki, takardar rantsuwa da za a kai kotu, ƙorafin wani a kan ogansa, furojet ɗin ɗalibai da rubutun hannunsu kamar tafiyar kaza, duk kin buga kin gyara kin miƙa wa masu su, baki taɓa fita kin ce wane ya sayar da gidansa kaza ba. To wannan shine abin da zaki faɗa in suka ce baki da gogewa. Kice musu gaskiya ne ban yi aiki a asibiti ba, amma shekara biyu ina buga takardun mutane na sirri, na saba da rubutun hannu mai wuya, na saba da wanda ya zo a fusace yana sauri, abin da ban sani ba kuma ina tambaya. Wallahi wannan amsar ta fi ƙaryar can nauyi nesa ba kusa ba.

Yanzu abu na farko da zaki yi, gobe in Allah ya kai mu ki shirya ki je asibitin, ba wajen kowa ba, ki samu benci a inda masu jiran likita suke zama ki yi kamar awa ɗaya kina kallo. Ki ga ina ake yankar kati, da hannu suke rubutawa ko a kwamfuta, wa ke kiran suna, wa ke ɗaga waya, wane ɓangare ya fi cika, na yara ne ko na mata masu awo ko na ƙashi. Ki karanta allon da suka jera ayyukansu a bakin get. Gani ya kori ji, kuma da haka kin san minti nawa adaidaita zai ɗauka daga gidanku da cunkoson safe. In da hali ki tambayi wanda ya kira ki, cikin ladabi, ofishin shugaban asibitin ne ke neman sakatariya ko teburin karɓar marasa lafiya, don a asibitocin kuɗi sau da yawa mutum ɗaya ake ɗora wa duka biyun har da ɗan taɓa lissafi. Ki sani kuma aikin ɗakin kati sana'a ce mai zaman kanta, akwai masu karanta ta a makarantun koyon aikin lafiya kuma suna da hukumar da ke musu rajista, saboda haka ba a jiran ki san duk abin da suka sani, ke dai ki san yadda zaki yi aiki tare da su.

Sai maganar da nake so ki fi ba wa lokaci, wato sirri. In akwai tambayar da zan iya cewa kusan tabbas zata fito to ita ce, kuma ba kai tsaye zasu yi ta ba, labari zasu ba ki. Zasu ce ga wani ya kira waya yace shi mijin wance ne, a faɗa masa sakamakon gwajin matarsa. Ko ga wata Hajiya ta shigo da shiga ta alfarma tace ita ce uwar angon, an yi wa yaran gwajin aure a nan, a nuna mata na amaryar. Wannan na biyun ma yanzu ya zama ruwan dare tunda Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, ana duba HIV da ciwon hanta da jinotayif, kinga takarda ɗaya tana iya ɗaura aure tana iya fasa shi, kuma tana iya bin yarinya har ƙarshen rayuwarta in ta faɗa hannun da bai dace ba. Amsarki ɗaya ce a duka, ba ni da hurumin bayar da bayanin mara lafiya, mai shi ne zai zo da kansa ko likita ya yi magana da shi, sai ki haɗa da ban haƙuri da sakin fuska ki nuna musu wurin zama in suna son ganin likitan. Ko ihu suka yi, ko suka ce sun san mai asibitin, sai kice to bari in sanar da shi.

In kina so ki burge su ki ambaci cewa doka ce ma. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 a sashe na 26 ta ce duk bayanin mara lafiya sirri ne, ciwonsa da maganinsa har da zamansa a asibitin, ba a fitarwa sai da yardarsa a rubuce ko umarnin kotu ko wasu 'yan dalilai da dokar ta lissafa, kamar iyaye a kan ƙaramin yaro. Akwai kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023 wadda ta sa bayanin lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Ba sai kin haddace komai ba, ki dai riƙe wannan gaɓar ta "har da zamansa a asibitin" don a nan mutanenmu suka fi zamewa.

Na ga abin da idona. Shekarun baya wata 'yar uwata tana zuwa ganin likitan mata a wani asibiti, shekara shida da aure ba haihuwa, daga ita sai mijinta suka sani. Wata ma'aikaciya a wurin 'yar unguwarsu ce, bata buɗe fayil ba, bata karanta komai ba, a gidan suna kawai ana hira tace ai ina ganin wance a wurinmu duk Talata. Shikenan. Kafin sati ya zagayo magana ta kai kunnen uwar miji, daga nan aka fara kawo jiƙe-jiƙe da habaici da zancen ƙarin aure, baiwar Allah ta daina zuwa asibitin gaba ɗaya ta bar magani a tsakiya don kunya. Ita waccan har yau ƙila bata san ɓarnar da tayi ba, a ganinta hira ce. Shi yasa nake ce miki ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, zaki ga maƙwabta, zaki ga malamanki, zaki ga surukan ƙawayenki, wata rana zaki ga sunan wanda ke neman wata 'yar uwarki da aure a saman takardar gwaji, kuma dole ki koma gida ki ci tuwo da mamanki baki ce uffan ba. Ki tambayi kanki tun yanzu ko zaki iya. In zaki iya, to ki faɗa musu da ƙananan abubuwa, cewa bazaki bar fayil a buɗe a kan tebur ba, zaki juya fuskar kwamfuta daga masu jira, zaki kulle ta in kin tashi sallah, bazaki ba kowa faswod ɗinki ba, bazaki ɗauki hoton takardar mara lafiya da wayarki ba balle ta shiga WhatsApp, kuma bazaki ɗaga murya a cikin jama'a kice "mai gwajin kaza ta zo" ba, suna ko lamba kawai ake kira.

Turancin likitoci da ya hana ki bacci kuwa, kwantar da hankalinki, sun ga takardunki kafin su kira ki, sun san ba nas bace ke. Abin da zaki iya cikin kwanakin nan ya isa. Yawancin kalmomin nan haɗe-haɗe ne, in kin san gutsattsarin sai ki gane sauran. Duk kalmar da ta ƙare da itis kumburi ne, wadda ta ƙare da ectomy an yanke abu an cire, cardio zuciya, nephro ƙoda, hepato hanta, gastro ciki. Ki kula sosai da hyper da hypo, na farko hawa na biyu sauka, harafi biyu ne tsakanin hawan jini da faɗuwar jini, tsakanin suga ya hau da suga ya sauka, in kika musanya su a wasiƙa kin juya maganar likita gaba ɗaya. Ki san gajerun da ake ji kullum, BP awon jini, PCV yawan jini, MP gwajin maleriya, ANC awon ciki, ENT kunne da hanci da maƙogwaro, O&G ɓangaren mata da haihuwa. A takardar magani BD sau biyu a rana, TDS sau uku, PRN in buƙata ta taso. Ki samu wata nas ko ɗalibar aikin jinya a unguwarku, ba a rasawa, ki kai mata ziyara da littafi da biro ta yi miki awa biyu, zaki sha mamakin abin da zaki kwasa.

Amma ga inda tarkon yake. Suna iya miƙo miki takarda da rubutun likita suce ki buga, da gangan akwai kalmar da bata karantuwa ko adadin maganin da bai fito ba. So suke su ga ko zaki yi cinta. Kar ki cinta, ki bar gurbin ki sa alama kice wannan ban gane ba zan tambayi likita kafin in fitar. A shago in kika yi kuskure a furojet sai dai a sake firintin, a nan sifili ɗaya da ya ƙaru a kan adadin magani rai ne. Matambayi baya ɓata, kuma likitan kirki ya fi son a dame shi da tambaya a kan ya sa hannu a kan kuskure.

Haka maganar suna. Kinsan garinmu, a rana ɗaya sai a samu Fatima Muhammad uku da Aisha Abubakar huɗu a layi, ga kuma tarin mutanen da aka rubuta musu 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa saboda ba a san ainihin ranar ba. In suka tambaye ki ya zaki tabbatar fayil ɗin na mai shi ne, kice ba na dogara da suna kaɗai, sai na haɗa da lambar kati da lambar waya ko unguwa, kuma shi zan bari ya faɗa da bakinsa, don in kika ce "ke ce Fatima ta Kurna?" tsohuwar da bata ji sosai ba zata ce eh.

Gwajin kwamfuta wannan gidanki ne, bazan daɗe a kai ba. Ki koma shagonku ki roƙi awa ɗaya kullum, ki buga wasiƙar tura mara lafiya wani asibiti da takardar hutun rashin lafiya a Word kina duba agogo, ki yi jadawalin ranakun dawowa a Excel da suna da lamba da rana da likita, ki tuna yadda ake liƙa takarda a imel. Ki riƙa karanta abin da kika buga kafin kice kin gama. In suna da manhajar asibiti baki santa ba kice baki santa ba amma hannunki ya saba da kwamfuta, sati ɗaya ya ishe ki.

Wata tambayar da suke so ita ce ta layi. Ga mutum ashirin suna jira tun safe, ga wani Alhaji ya zo yace shi bazai jira ba, ga kuma mata ta shigo da gudu da yaro yana jijjiga ko mai ciki tana zubar da jini ko dattijo ya dafe ƙirji yana gumi. Waɗannan na ƙarshen ba a tsaya tambayarsu kati ko kuɗi, tashi zaki yi ki kira nas ko likita a take, takarda ta biyo baya, dokar nan ta 2014 ma a sashe na 20 ta hana a ƙi duba wanda ke cikin halin gaggawa ko da wane dalili. Shi kuwa Alhaji a ba shi girmansa da kujera da bayani, amma layi layi ne sai in likita ne yace a shigo da shi. Kuma dan Allah ki riƙe wannan, duk ranar da kika zauna a teburin asibiti mutane zasu fara ce miki likita, za a miƙo miki sakamako ace duba min, za ace wane magani zan sha. Ko kin gane abin da ke jiki ba bakinki zai faɗa ba. In suka gwada ki da wannan a intabiyu kice zan haɗa shi da likita.

Ki ɗan san harkar inshora kuma don asibitocin kuɗi da yawa da ita suke rayuwa. NHIS da mutane suka saba faɗa ta koma NHIA tun 2022, jihar Kano tana da tata hukumar wato KSCHMA, ga kuma kamfanonin inshorar lafiya da ake kira HMO da ma'aikatan banki da kamfanoni ke zuwa da katinsu, waɗanda galibi sai an nemi lambar amincewa daga wurinsu kafin a yi wa mutum babban aiki ko a tura shi wajen ƙwararren likita. Ko iya wannan kika faɗa sun san kin yi shiri.

Turancin da ke gudu in kin tsorata maganinsa maimaici. Ki rubuta bayanin kanki a layi biyar ko shida, sunanki, karatunki, aikin shago, dalilin da yasa kike son asibiti, ki sa ƙanwarki ta zauna a gabanki tana tambayarki da Turanci kullum bayan isha'i har bakinki ya saba. Gajerun jimloli, a hankali, ba gasar Turanci ake ba. In baki ji tambaya ba kice a maimaita, ba laifi bane. Kuma ki faɗa musu kina iya yi wa mara lafiya bayani da Hausa mai daɗi wadda tsohuwa daga ƙauye zata gane, in kina jin Fulatanci ko wani yaren ki ƙara, sau da yawa likitan ko nas ɗin ba Bahaushe bane kuma wanda zai tsaya a tsakani suke nema. Abu ɗaya, kar ki sa maraicinku a gaba, in sun tambayi gida ki faɗa a taƙaice, amma kar ki roƙa da shi, ki bari aikinki ya yi magana.

In an zo maganar albashi kar kice ko nawa ne, wannan kalmar ta cuci 'yan mata da yawa. Ki lissafa kuɗin motarki na wata da abincin rana tun a gida ki san abin da in aka ba ki ƙasa da shi wahalar banza zaki yi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024, duk da dokar bata hau kan wurin da ma'aikatansa basu kai 25 ba kuma ƙananan asibitoci da yawa basa kaiwa, amma dai kin samu ma'auni. Ki tambayi ƙarfe nawa ake tashi, akwai aikin dare ko Asabar da Lahadi, wata nawa ne gwaji kafin a tabbatar da mutum, kuma za a ba ki takardar ɗauka a rubuce. Sannan in wani ya kira ki a gefe yace ki kawo wani abu a gyara miki hanya, ko yace ku haɗu a wani wuri da ba asibitin ba don a ƙarasa magana, ki kashe wayarki ki faɗa wa mamanki, aikin da zai zo ta nan babu alheri a cikinsa.

Ranar Laraba ki haɗa takardunki na asali da fotokwafi bibbiyu a fayil mai tsafta, CV, sakamakon sakandare, difloma, takardar haihuwa, ta ƙaramar hukuma, NIN, hoto fasfo da biro biyu. Ki goge kayanki da rana tun da wuta, hijabi ko mayafi mai natsuwa wanda bazai dame ki wajen taifin ba, ki rage turare don akwai masu asma da masu laulayi a wurin. Ki isa da rabin awa kafin lokaci, ki gaida mai gadi da masu shara da duk wanda kika tarar a tebur, don ana tambayarsu ya suka ganki. Ki roƙi mamanki ta sa miki albarka kafin ki fita. Allah ya sa rabonki ne ya kuma sa ya zame muku alheri ke da ƙannenki, bayan Alhamis ki rubuto min ki faɗa min tambayar da ta fi ba ki wuya.